Ra'ayi: Wa zai kare masu ceton direba a filin tseren mota?

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon motocin tseren nan na Amurka masu tashi kamar kibiya, ya san inda ido yake tsayawa. Motoci biyu ne a jere, fitila ta koma kore, wuta ta yi tsiri daga bututun hayaƙi, kafin mutum ya gyara riƙon wayarsa har an gama.

Amma idan aka mayar da bidiyon baya aka duba da kyau, za a ga wani mutum tsaye a tsakanin motocin biyu. Za a ga wani yana fesa ruwa a ƙasa, wani riƙe da tsintsiya, can ƙarshen titi kuma wasu na zaune a motar kashe gobara suna jira.

Waɗannan su ne ma'aikatan fili. Babu sunansu a jikin mota, babu kofin da ake miƙa musu. Idan mota ta kama da wuta kowa baya yake ja, su kuwa wajenta suke nufa a guje.

Direban da ke cikin motar, dokar tsere ta ƙayyade masa komai, tun daga hular kwano har safar ƙafa. Mutumin da zai ciro shi daga wuta fa? A manyan gasanni yana fitowa da cikakken shiri. A ƙananan filaye na ƙarshen mako kuwa, ba abin mamaki ba ne a gan shi da 'yar shat, gajeren wando da takalmin kambas.

Wannan giɓi ne da ya kamata hukumomin tsere su toshe da rubutacciyar doka mai hawa kan kowane fili. Kuma mai fili ne ya kamata ya biya kuɗin kayan, ba ma'aikaci ba.

Ƙasa da daƙiƙa huɗu

Tseren durag, wato tseren mota na gajeren zango, ya bambanta da irin su Formula 1 da ake zagaye fili sau da yawa. Nan miƙaƙƙen titi ne, motoci biyu ne ke tashi daga tsaye, wanda ya riga kai ƙarshen layi ya ci. A al'adance tsawon zangon ƙafa 1,320 ne, wato kimanin mita 402.

Manyan motocin wannan wasa su ne rukunin Top Fuel da Funny Car. Ba fetur suke sha ba, wani sinadari ne mai suna naitirometen da ake gaurayawa da metanol. An ƙiyasta ƙarfin injinsu da doki 11,000. Motar Top Fuel tana wuce gudun kilomita 160 a awa kafin daƙiƙa ɗaya ta cika, ta gama mita 305 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, tana gudun sama da kilomita 530 a awa.

A irin wannan gudun, mota tana cinye kusan mita 150 a kowace daƙiƙa, wato tsawon filin ƙwallo ɗaya da kusan rabi. Duk abin da ya ɓalle daga jikinta, ko kusa ce ko ɓallin taya, ya zama harsashi.

Injin kuma a bakin fashewa yake aiki, shi ya sa ake kwance shi a sake ɗaure shi bayan kowane zagaye. Fashewar inji, malalar baƙin mai da tashin wuta ba baƙin abubuwa ba ne a wannan wasa. An san za su faru, lokacinsu ne kawai ba a sani ba.

Direba a naɗe, ma'aikaci a buɗe

Babbar hukumar wannan tsere a Amurka ita ce NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951 domin a janye matasa daga tsere a titunan gari zuwa filaye masu tsari. A 1954 ta tura wata 'yar tawaga ta zagaya ƙasar tana koya wa ƙungiyoyin masu motoci yadda ake shirya tsere ba tare da asarar rai ba. Daga wannan tushe ne aka samu tawagar Safety Safari, wadda har yau take kula da titi da aikin ceto a manyan gasannin hukumar.

Tarihin wasan ya nuna cewa idan direba ya ji ciwo, doka da ƙirar mota suna sauyawa. A 1970, a filin Lions da ke Kalifoniya, giyar motar Don Garlits ta fashe, ta raba motar biyu, ta cire masa wani ɓangare na ƙafarsa ta dama. Da ya warke sai ya dawo da mota mai inji a bayan direba, kuma cikin 'yan shekaru kowa ya bi sahunsa.

A watan Yunin 2008, injin motar Scott Kalitta ya fashe a filin Englishtown da ke jihar New Jersey, laimomin da ke tsayar da motar suka lalace, ta zarce ƙarshen titi, ya rasu. Cikin makonni hukumar ta rage zangon motocin naitiro daga ƙafa 1,320 zuwa ƙafa 1,000.

Haka abin yake a wajen sutura. Gidauniyar SFI tana gwada rigunan direbobi, tana ba su mataki gwargwadon daƙiƙoƙin da za su jure wuta kafin fata ta yi bororo. Mataki na 1 yana ba da kimanin daƙiƙa uku, na 5 kimanin goma, na 15 kimanin talatin, na 20 kuma kimanin arba'in. Direbobin naitiro manyan matakan nan suke sawa, kuma ana duba tambarin da ke jikin rigar kafin a bar mutum ya hau titi. Hular kwano ma tana da ma'auninta da wa'adinta.

Duk wannan daidai ne. Tambayar ita ce, idan direba yana da daƙiƙa arba'in a cikin wuta, mutumin da aka ɗora wa nauyin isa gare shi kafin su ƙare daƙiƙa nawa yake da su? Rigar auduga ta kasuwa ba ta ba shi wani lokacin kirki. Rigar roba irin nailan ko foliyesta kuwa ta fi muni, domin narkewa take yi ta manne da fata.

Hatsarin da kyamara ba ta ɗauka

Ba gobara kaɗai ce matsalar ba. Ƙarar motar Top Fuel a bakin layi tana kai wa kusan desibel 150. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ce kada mutum ya wuce awa takwas a cikin ƙara mai desibel 85, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu. A desibel 100, minti 15 kacal ya rage. Direba yana shan wannan ƙara sau kaɗan a rana. Mai tayar da motoci kuwa yana tsaye a tsakaninsu tun safe har yamma, zagaye bayan zagaye. Kunnen da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Sai hayaƙi. Hayaƙin naitiro yana sa ido hawaye, yana ƙona maƙogwaro, shi ya sa ake ganin makanikai da takunkumin tace iska idan suna ɗuma inji. Ma'aikacin bakin layi shi ma wannan iskar yake shaƙa, haɗe da hayaƙin taya da ƙurar kuloci.

Sai wutar da ba a gani. Harshen wutar metanol ba ya fitowa sosai da rana. A gasar Indianapolis 500 ta 1981, mai ya malale wa Rick Mears lokacin da ake zuba wa motarsa, ya kama da wuta, shi da wasu ma'aikatansa suka ƙone alhali masu kallo ba su ga harshen wuta ba. Metanol ɗin nan shi ne man motoci da dama a tseren durag, har a ƙananan filaye. Ma'aikaci zai iya kutsawa cikin wutar kafin ya san tana ci.

Akwai kuma aikin yau da gobe. Ana fesa wa titin wani sinadari mai danƙo domin taya ta kama, danƙon da kan cire wa mutum takalmi daga ƙafa. Ana kankare tsohuwar roba da wuta da ƙarfe. Ana goge baƙin mai da zafinsa, ana tsince tarkace masu kaifi. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya dace a yi shi da hannu tsirara ko ido a buɗe.

Darasin Zandvoort

Mafi girman hujja ba daga tseren durag ta fito ba, daga Formula 1 ne, amma darasin ɗaya ne.

A watan Yulin 1973, a filin Zandvoort na ƙasar Holan, motar wani matashin direba ɗan Birtaniya, Roger Williamson, ta kife ta kama da wuta. Hatsarin bai kashe shi ba, yana raye a ƙarƙashin motar. Wani direba, David Purley, ya tsayar da tasa motar ya rugo yana ƙoƙarin ɗaga ta. Ma'aikatan fili suna wurin, amma kayan jikinsu ba masu jure wuta ba ne, don haka suka kasa matsowa su kama masa. Purley shi kaɗai ya yi ta fama har ƙarfinsa ya ƙare. Williamson ya mutu ne saboda rashin iska, duniya tana kallo a talabijin.

Ba tsoro ne ya tsayar da mutanen ba, rashin sutura ne. Da mutum uku ko huɗu sun iya kama motar tare da Purley, wataƙila da labarin ya sha bamban.

A kwatanta wannan da abin da ya faru a Bahrain a watan Nuwambar 2020, lokacin da motar Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama da wuta. Ya yi kusan daƙiƙa 28 a ciki. Wani ma'aikaci ya nufi wutar da tukunyar kashe gobara, likitan gasar da ke sanye da rigar kare wuta ya matsa har bakin shinge ya kama shi. Grosjean ya fita da ƙuna a hannuwa, amma da ransa.

Wannan ya nuna cewa rigar ma'aikaci wani ɓangare ce ta kariyar direba. Duk direban da yake ganin batun bai shafe shi ba, bai yi lissafi da kyau ba.

Kura da shan bugu

Wa ke biyan kuɗin kayan? Nan ne gizo ke saƙar.

A Amurka, hukumar kula da lafiyar wuraren aiki, OSHA, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya biya kuɗin mafi yawan kayan kariyar da aikin ke buƙata, dokar da ta fara aiki a 2008. Sai dai dokokin hukumar ma'aikaci mai albashi suka fi shafa. Ɗan sa kai, wanda son wasan ya kawo shi, galibi yana wajen inuwarsu. Wasannin mota kuwa a ƙasashe da yawa a kan wuyan 'yan sa kai suke tafiya.

A Birtaniya, inda filin Santa Pod yake karɓar tseren durag tun 1966, an san ma'aikatan filayen tsere da doguwar riga ruwan lemo da aka yi da audugar da aka jiƙa da sinadarin hana kama wuta. Mafi yawansu 'yan sa kai ne, kuma da yawa da kuɗin aljihunsu suke haɗa kayan aikinsu.

Mai fili yana karɓar kuɗin ƙofa. Hukuma tana karɓar kuɗin rajista. Kamfanoni suna tallata hajarsu a jikin mota da allunan fili. Sai a ce wanda ya ba da ranar hutunsa kyauta, kuma ya tsaya a wuri mafi hatsari, shi zai sayi rigar da za ta kare shi? Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da masu ja suke cewa

Masu adawa da tilasta wannan doka suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba.

Ta farko ita ce zafi. Da bazara, zafin kwaltar filin tsere kan wuce digiri 50. Mutumin da aka naɗe da riga mai ruɓi uku ya wuni a rana zai iya faɗuwa kafin a ga ko da tartsatsin wuta. Wannan gaskiya ne. Amma maganinsa shi ne a raba kaya gwargwadon aiki, a riƙa sauya ma'aikata, a tanadi inuwa da ruwa. Mai share titi ba ya buƙatar irin shirin mai shiga wuta, amma wannan bai zama dalilin barin sa da gajeren wando ba.

Ta biyu ita ce kuɗi. Ƙananan filaye da ƙyar suke riƙe kansu, wasu ma sun rufe an sayar da filin. Sai dai rigar kare wuta mai ruɓi ɗaya ba ta kai kuɗin tayoyin baya guda biyu na motar tsere ba, tayoyin da ake canzawa a kai a kai. Filin da zai iya sayen sinadarin danƙo ganga-ganga domin motoci su yi sauri, zai iya tufatar da mutum goma. Idan kuma da gaske ba zai iya ba, to bai kamata ya karɓi motoci masu irin wannan gudu ba.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi: riga ba ta tare taya. A watan Fabrairun 2010, a wani fili kusa da Phoenix a jihar Arizona, taya ta ɓalle daga motar Antron Brown ta tsallake shinge ta kashe wata 'yar kallo. A Formula 1 ma tayoyin da suka ɓalle sun kashe ma'aikatan fili a Monza a 2000 da Melbourne a 2001. Babu hular da za ta ceci mutum daga irin wannan.

Haka kuma kaya ba sa maye gurbin horo. A 1977 a filin Kyalami na Afirka ta Kudu, wani ma'aikaci ɗan shekara 19 ya tsallaka titi a guje ɗauke da tukunyar kashe gobara domin ya kai ɗauki ga wata mota. Tom Pryce, da ke tafe da gudun kusan kilomita 270 a awa, ya buge shi, tukunyar kuma ta daki Pryce a ka. Dukansu biyu suka mutu nan take.

Don haka inda mutum zai tsaya, katangar da ke gabansa, da sanin lokacin da aka ba shi izinin hawa titi, su ne kariya ta farko. Sutura ita ce ta ƙarshe. Amma kasancewarta ta ƙarshe shi ne dalilin da ya sa ba a wasa da ita, domin ranar da ake buƙatar ta, sauran duk sun riga sun gaza.

Abin da ya kamata doka ta ƙunsa

Ba sabon abu ake nema ba. Gasar NASCAR ta yi irinsa. Bayan wata mota ta kwashe wasu ma'aikatan Ricky Rudd a wurin canza taya a filin Homestead a watan Nuwambar 2001, ɗayansu ya ji mummunan rauni a ka, hukumar ta wajabta hular kwano ga masu wannan aiki daga kakar 2002. Yau babu mai jayayya a kai.

Ga tseren durag, mafi ƙarancin abin da ya kamata a rubuta shi ne:

Duk wanda zai taka titin tsere ya sa dogon wando da riga mai dogon hannu na yadin da ba ya narkewa, da rufaffen takalmi, da tabarau na kariya, da launi mai ɗaukar ido.

Ma'aikatan bakin layi su haɗa abin toshe kunne da marufin kunne a lokaci guda, su sa riga mai jure wuta, a kuma tanadar musu takunkumin tace iska a ranakun motocin naitiro.

Masu kashe gobara da ceto su sa cikakkiyar riga mai tambarin gwaji, da hula mai rufe fuska, da safar kai, da safar hannu, da takalmin da ba ya cin wuta. Matakin rigar ya tafi daidai da motar da ta fi kowace gudu a ranar.

A duba kayan ma'aikata kamar yadda ake duba mota kafin tsere. Rigar da ta jiƙe da mai ko ta yage ta tashi daga aiki. Idan tawagar ceto ba ta cika sharaɗi ba, kada fitila ta koma kore.

A haɗa da atisaye aƙalla a farkon kowace kaka. Ma'aikaci ya san cewa ruwa yana kashe wutar metanol amma yana ƙara haukata wutar ƙarfen magniziyam, ya san inda makashin wutar lantarki yake a bayan mota, ya san yadda ake kwance bel ɗin direba da safa a hannu.

Kamfanonin inshora ma suna da rawar takawa. Babu filin da ke buɗe ƙofa ba tare da su ba. Idan suka sa wannan cikin sharuɗɗansu, masu filaye za su bi ko hukuma ba ta ce uffan ba.

Kafin a kai ga makoki

Wasan ya daɗe da fita daga Amurka. Ana yin sa a Turai, Ostireliya, Bahrain, Ƙatar da filin Tarlton na Afirka ta Kudu. A biranen Najeriya ma, wasan mota da matasa ke yi a tituna da wuraren biki yana ƙara jan jama'a, kuma akan ga samari suna tare 'yan kallo da hannu, babu shinge, babu abin kashe gobara. Duk mai tunanin mayar da wannan sha'awa wasa mai tsari, sai ya fara lissafinsa daga mutanen da za su tsaya a gefen titi, kafin ya kai ga kyautar wanda ya yi na ɗaya.

Kusan kowace dokar kariya a tseren mota tana da sunan wanda aka rasa kafin a rubuta ta. Garlits ya ba da ƙafarsa, Kalitta da Williamson sun ba da rayukansu. Hatsarin da ke kan ma'aikatan fili an riga an san shi, kayan kariyarsa suna kasuwa, kuɗinsu kuma bai fi ƙarfin wasan da ke ƙona dubban daloli cikin daƙiƙa huɗu ba.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya rage wa hukumomin tsere, masu filaye da direbobin kansu su rubuta wannan doka yanzu, tun mutumin da ke tsaye tsakanin motocin nan biyu yana komawa gida wurin iyalinsa da ƙafafunsa.